Me Thingol, sarkin da ba ya tsufa, ya bar wa zuriyarsa a duniyar Tolkien?

Tambaya: Na karanta cewa Aragorn, sarkin Gondor a labaran Tolkien, jinin wani tsohon sarki ne wanda ba ya mutuwa. Wane ne wannan sarki, ta wace hanya jininsa ya gangaro zuwa ga mutane masu mutuwa, kuma idan sarki ba ya mutuwa, me zuriyarsa za ta gada daga gare shi?

Amsa: Sarkin da kake nufi shi ne Elu Thingol, sarkin ƙasar Doriath. Cikakken labarinsa yana cikin The Silmarillion, littafin da Christopher Tolkien ya tattara daga rubuce-rubucen mahaifinsa, J.R.R. Tolkien, ya fitar a 1977, wato shekara huɗu bayan rasuwar marubucin. Labarin zuriyar kuwa a warwatse yake, wani a cikin wannan littafi, wani a ratayen da ke ƙarshen The Lord of the Rings, wani kuma a Unfinished Tales na 1980. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk abin da Thingol ya gina ya kuma killace domin kansa ya salwanta cikin ƙanƙanin lokaci, abin da ya wanzu bayansa kuwa shi ne abin da ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana.

Sai mun fara tantance irin rashin mutuwar da ake magana a kai, domin a nan masu karatu da yawa ke tuntuɓe. Thingol daga jinsin Elfawa yake, kuma a wannan ƙagaggiyar duniya Elfawa ba sa tsufa irin na mutane, cuta ba ta kashe su, rayuwarsu tana ɗaure ne da rayuwar duniyar kanta. Amma takobi yana kashe su, baƙin ciki ma yana iya kashe su, kuma idan hakan ta faru sai ruhinsu ya tafi zaman jira a gidan Mandos, mai tsaron ruhohin matattu, a can yamma, ba ya fita daga duniya. Mutane kuwa idan sun mutu barin duniya suke yi baki ɗaya, kuma a tsarin labarin wannan mutuwa kyauta ce daga mahaliccin wannan duniya, wanda ake kira Eru, ba azaba ba ce. Tolkien ya rubuta a wasiƙunsa cewa ainihin jigon aikinsa shi ne mutuwa da dawwama, kuma babu inda hakan ya fito fili kamar a tarihin wannan gida.

Thingol yana cikin jakadu uku na farko da aka kai Valinor, ƙasar marasa mutuwa da ke can yamma bayan teku, suka ga hasken Bishiyoyi Biyu da ke haskaka ta, sannan suka dawo domin su jagoranci al'ummarsu zuwa can. A kan hanya, cikin dajin Nan Elmoth, ya haɗu da Melian, wadda ba Elfiya ba ce, ruhi ce daga jinsin Maiar da suka girmi duniya. Ya tsaya a wurinta shekaru masu yawa, jama'arsa suka neme shi suka rasa, har ƙaninsa Olwe ya ɗebi mafi yawansu ya ƙetare teku da su. Waɗanda suka zauna jiransa su ne suka zama Sindar, shi kuma ya zama sarkinsu. Wadannin Belegost, wato wani jinsi na gajeru gwanayen ƙira da sassaƙa, suka taya shi sassaƙa fadar Menegroth mai kogo dubu a ƙarƙashin ƙasa, ya biya su da lu'ulu'u. Da Morgoth, babban maƙiyin wannan zamani, ya dawo, sai Melian ta kewaye Doriath da shingen asiri wanda babu mai ratsa shi sai da yardarta ko ta mijinta, ko kuwa wanda ƙaddarar da ta fi ƙarfinta ta koro.

Hausawa na cewa sarki goma zamani goma. Doriath kuwa zamani ɗaya tak ta sani, kuma matsalar gadon tana nan. Inda sarki ke mutuwa, dole fada ta tanadi yarima, ta tanadi masu zaɓe, ta saba da sauyin hannu. Inda sarki ba ya tsufa, babu abin da ke tilasta wannan tanadi. Thingol ya yi mulki na dubban shekaru da 'ya ɗaya, Luthien, ba a taɓa shirya ta domin sarauta ba, kuma tsaron ƙasar gaba ɗaya ya dogara ne ga ikon matarsa, ita kuma abin da ya riƙe ta a ƙasar shi ne ƙaunar mijinta. Ƙasa ce mai ƙarfi matuƙa, amma dukan ƙarfinta a wuyan mutum ɗaya yake rataye. Irin wannan sarki yakan ɗauki jira a matsayin siyasa, shi ya sa lokacin babban yaƙin da ake kira Nirnaeth Arnoediad bai aika runduna ba, jarumai biyu kawai, Mablung da Beleg, ya ƙyale suka tafi.

Thingol ya raina mutane masu mutuwa, har ya ce babu ɗayansu da zai taka Doriath muddin mulkinsa na nan. Sai ga Beren ɗan Barahir, ɗan gudun hijira wanda aka karkashe danginsa, ya ratsa shingen ya ga Luthien tana rawa a daji, suka kamu da son juna. Da aka kawo shi fada ya ɗaga zoben da Finrod Felagund, wani sarkin Elfawa, ya bai wa mahaifinsa domin ya nuna shi ba ɓarawo ba ne, ɗan gidan girma ne. Thingol ya riga ya yi wa 'yarsa rantsuwa cewa ba zai kashe shi ba, saboda haka sai ya yanka masa sadakin da yake da yaƙinin zai halaka shi: ya kawo masa Silmaril ɗaya, cikin duwatsu uku masu haske da Feanor, gwanin maƙeri cikin Elfawa, ya ƙera, waɗanda a lokacin suke kan kambin Morgoth. Melian ta gargaɗe shi nan take cewa ko dai 'yarsa ya jefa cikin halaka ko kuwa kansa, domin 'ya'yan Feanor sun yi rantsuwa za su yaƙi duk wanda ya riƙe ɗaya daga cikin duwatsun. Thingol ya tsare Luthien a wani ɗaki da aka gina a kan bishiya, ta gudu ta bi Beren, suka ciro dutsen. Beren ya rasa hannu a bakin kyarkecin Morgoth, daga baya kuma ya mutu a farautar wannan dabba yayin da yake kare surukin nasa. Luthien ta bi shi har gaban Mandos, aka ba ta zaɓi, ta zaɓi ta dawo duniya tare da shi ta yi gajeriyar rayuwa ta mutu mutuwar mutane. Don haka tun a tsatso na farko, 'yar sarkin da ba ya mutuwa ta ajiye dawwamar da ta gada da hannunta.

Ya kamata a yi wa Thingol adalci, domin wannan al'amari ya sauya shi. Bayan haka ne ya karɓi yaro Turin ɗan Hurin ya riƙe shi a matsayin ɗa, abin da babu wani sarkin Elfawa da ya taɓa yi wa ɗan mutum kafin nan. Amma dutsen ya riga ya shiga ransa. Melian ta ba shi shawara ya miƙa wa 'ya'yan Feanor abinsu, ya ƙi. Daga baya ya sa maƙeran Wadannin Nogrod su dasa Silmaril a cikin sarƙar wuya mai suna Nauglamir, da suka gama suka ƙi bayarwa, shi kuma ya ci musu mutunci ya ce su fita ba lada, sai suka kashe shi a cikin maƙerar fadarsa. Melian ta bar ƙasar, shingen ya yaye, rundunar Nogrod ta shigo ta washe Menegroth. (Wannan babi na mutuwar Thingol yana cikin wuraren da Christopher Tolkien ya fi sa hannu, domin mahaifinsa bai bar cikakken rubutu na ƙarshe a kansa ba, kuma shi da kansa ya bayyana hakan a The War of the Jewels na 1994. Ginshiƙin labarin dai, wato Wadanni ne suka kashe sarkin a kan dukiya, tsohon abu ne a rubutun uban.)

Jikansa Dior, ɗan Beren da Luthien, shi ne ya zo ya zauna a gadon, ya yi ƙoƙarin tada masarautar. Da iyayensa suka rasu aka kawo masa sarƙar da dutsen, ya rataya a wuya, labari ya kai ga 'ya'yan Feanor. Suka auka wa Menegroth cikin hunturu, aka kashe Dior da matarsa Nimloth, uku daga cikin 'ya'yan Feanor su ma suka faɗi, aka yar da 'ya'yan Dior maza biyu, Elured da Elurin, a cikin daji ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Masarautar da ta yi dubban shekaru ba ta wuce 'yan shekaru ba bayan mai ita. Wadda ta tsira ita ce Elwing, 'yar Dior, aka gudu da ita da dutsen zuwa bakin kogin Sirion, inda ta auri Earendil, wanda shi ma ruwa biyu ne, ɗan Tuor mutum da Idril gimbiyar Elfawan birnin Gondolin. Su ne suka haifi tagwaye, Elrond da Elros. Dutsen kuwa ya ƙare a goshin Earendil, wanda labarin ya mayar da shi tauraro a sama, saboda haka babu wani ɗan gidan da ya sake riƙe shi a ƙasa.

A kan waɗannan tagwaye ne amsar tambayarka ta rabu biyu. A ƙarshen Zamani na Farko an ba su zaɓin jinsin da za su bi. Elrond ya zaɓi Elfawa, Elros ya zaɓi mutane, kuma abin lura shi ne wanda ya zaɓi mutuwa shi ne ya zama sarki ya kafa daula, wanda ya zaɓi dawwama bai taɓa ɗaukar sunan sarki ba.

Elros ya hau mulkin tsibirin Numenor a shekara ta 32 ta Zamani na Biyu, ya yi shekara 410 a kan gado, ya rayu shekara 500. Sarakunan farko na gidansa suna da wata al'ada da ta saɓa wa halin kakansu gaba ɗaya: sarki yakan miƙa sandar mulki ga magajinsa tun yana da ƙarfi da hankali, sannan idan ya ji gajiyar duniya ya kwanta ya saki ransa da yardarsa. Ɗan Elros ma, Vardamir, ko zama bai yi ba, nan take ya miƙa wa nasa ɗan. Muddin ana wannan murabus, daular tana bunƙasa. Lalacewa ta fara ne lokacin da sarakuna suka waiwayi asalinsu suka fara tambayar dalilin da zai sa zaɓin da Elros ya yi ya ɗaure su, alhali ɗan'uwansa Elrond yana nan da ransa. Tar-Atanamir, sarki na 13, ya ƙi sauka ya ƙi sakin rai, ya manne wa gado har tsufa ya gusar masa da hankali, ya hana ɗansa mulki a lokacin ƙarfinsa. Daga nan aka shiga gina manyan kaburbura da neman dabarun adana gawa, kuma tsawon ran gidan sarauta, maimakon ya ƙaru, sai ya dinga raguwa. Ar-Pharazon, sarki na 25, wanda ya ƙwace mulki ta hanyar auren Miriel 'yar baffansa bisa tilas, ya kawo Sauron, tsohon baran Morgoth, tsibirin a matsayin fursuna a 3262. Sauron ya hure masa kunne cewa duk wanda ya mallaki ƙasar marasa mutuwa shi ma ba zai mutu ba, alhali tun zamanin Atanamir manzanni sun faɗa musu cewa mazauna ƙasar ne suka tsarkake ta, ba ita ce ke ba su rai ba. Ar-Pharazon ya ɗaura yaƙi ya nufi yamma, a 3319 teku ta haɗiye Numenor.

Takobin Thingol, Aranruth, wanda Elwing ta tsira da shi ya zama takobin sarakunan Numenor, ya nutse tare da tsibirin. Zoben Barahir kuwa, wato zoben nan da Beren ya ɗaga a fada ranar da aka wulaƙanta shi, ya tsira. Dalili shi ne sarki na huɗu, Tar-Elendil, ya bai wa babbar 'yarsa Silmarien zoben. Ita dokar lokacin ba ta ba mace damar hawa gado ba (sai daga baya Tar-Aldarion ya sauya dokar saboda 'yarsa Ancalime), don haka zuriyarta ta zama gidan hakiman Andunie a yammacin tsibirin. Daga wannan reshe da aka tsallake ne Elendil ya fito, shi da 'ya'yansa Isildur da Anarion suka tsira da jirage tara suka kafa Arnor da Gondor a 3320. Idan ka bi salsalar da kyau za ka ga sau uku jinin ya ratsa ta hannun mace a lokacin da layin maza ya yanke ko ya ɓace: Luthien, Elwing, Silmarien.

Tarihin masarautun biyu mai tsawo ne, zan taɓo abin da ya shafi tambayar kawai. Arnor ta rabu uku a shekara ta 861 ta Zamani na Uku saboda saɓanin 'ya'yan sarki, ta ƙare a 1975 da mutuwar Arvedui, sarkinta na ƙarshe, zuriyar ta koma shugabancin 'yan sintiri a daji. A Gondor kuwa tsohuwar cutar Thingol, wato ƙyamar haɗa jini da wanda ake ganin bai kai ba, ta dawo da ƙarfinta. Sarki Valacar ya auri Vidumavi 'yar mutanen Arewa, manyan ƙasa suka ƙi ɗansu Eldacar, yaƙin basasa ya ɓarke a 1432, Castamir ya ƙwace gado na shekara goma, aka ƙone birnin Osgiliath. Eldacar ɗin da aka ce jininsa ya gurɓata ya dawo ya karɓi mulkinsa, ya kuma rayu shekara 235. Asarar da Gondor ta yi a wannan yaƙi ta fi duk abin da masu kishin tsarkin jini suke tsoro. Daga baya gidan ya ƙanƙance, manya suka fi damuwa da kaburbura da sunayen kakanni a kan haihuwa, har sarki Earnur ya ɓace a 2050 ba mata ba ɗa. Wazirai suka riƙe ƙasar riƙon ƙwarya na shekara 969.

Duk wannan lokaci Elrond yana zaune a Imladris, wadda ya kafa a 1697 ta Zamani na Biyu. A ganina shi ne amsar da Tolkien ya bayar game da yadda marar mutuwa ya kamata ya riƙe gado. Yana da hujjar da'awar sarautar Sindar ta wajen Thingol, bai yi ba. Ya mayar da kansa ma'aji: shi ke renon magadan Isildur tsara bayan tsara, shi ke ajiye da zoben Barahir da gutsattsarin Narsil, takobin Elendil, da sandar Annuminas, wato sandar mulkin Arnor. Aragorn, wanda aka haifa a 2931 aka kashe mahaifinsa yana ɗan shekara biyu, a gidansa ya tashi. Da ya cika shekara ashirin Elrond ya ba shi zoben da gutsattsarin takobin, ya riƙe sandar ya ce sai ya cancance ta. Sannan tarihi ya maimaita kansa, domin Aragorn ya ga Arwen 'yar Elrond ya so ta, kuma tsakaninsa da Elros, baffanta, akwai tsatso sama da sittin. Elrond ma ya gindaya sharaɗi mai nauyi, cewa 'yarsa ba za ta ajiye dawwamarta domin wanda bai kai sarkin Gondor da Arnor duka ba. Bambancin sharaɗin nan da na Thingol shi ne, Thingol ya nemi abin da zai kashe manemin kuma ya ƙara wa taskarsa, Elrond ya nemi abin da dama shi ne aikin da ke kan manemin, kuma cikarsa na nufin shi Elrond ya rabu da 'yarsa har abada. A 3019 ya kawo sandar da amaryar da hannunsa, a 3021 ya hau jirgi ya bar ƙasar. Aragorn ya rayu shekara 210, kuma ya farfaɗo da al'adar sarakunan farko, ya miƙa wa ɗansa Eldarion kambi da sanda ya saki ransa tun hankalinsa bai gushe ba, duk da roƙon da Arwen ta yi masa ya ƙara jinkiri.

Akwai kuma gadon da bai bi ta jini ba, wanda masu karatu kan manta. Lokacin da Thingol ya ji cewa Noldor, dangin Elfawan da Feanor ya fito daga cikinsu, sun kashe mutanen ƙaninsa Olwe a Alqualonde domin su ƙwace jirage, ya haramta harshensu na Quenya a bakin jama'arsa. Sakamakon haka Noldor da kansu suka koma magana da Sindarin, Quenya ya zama harshen ilimi da biki kawai. Shi ya sa bayan dubban shekaru sunayen wurare a Gondor, irin su Minas Tirith, da harshen Thingol suke. Wannan doka da ya kafa cikin fushi ta fi fadarsa da takobinsa daɗewa, ko da yake jikokinsa sun juya masa baya a nan ma, domin sarakunan Numenor na farko da Quenya suke ɗaukar sunan sarauta, haka Aragorn da sunansa Elessar. Haruffan Cirth da mawaƙin fadarsa Daeron ya tsara, Wadanni ne suka fi kowa rungumarsu, har da su aka rubuta kabarin Balin, wani shugabansu, a Moria. Thranduil, sarkin daji a The Hobbit, wanda gidansu daga Sindar yake, ya sassaƙa fadarsa a ƙarƙashin ƙasa yana kwaikwayon Menegroth, kuma ya gaji rashin yarda da Wadanni, har ya tsare Thorin, shugaban wasu Wadanni, da mutanensa, alhali su zuriyar Durin ne, babu hannun kakanninsu a kisan Thingol.

Game da abin da ya biyo bayan Aragorn, abin da aka rubuta kaɗan ne. Eldarion ya gaji masarautar da aka sake haɗewa, kuma yana da 'yan'uwa mata da ba a ambaci sunayensu ba. Tolkien ya fara wani labari mai suna The New Shadow wanda ya sa a zamanin Eldarion, inda mutanen Gondor suka fara gundura da zaman lafiya, ƙungiyoyin asiri suka fara tsiro, yara kuma suna wasan kwaikwayon Orc, mugayen dakarun Sauron, suna ɓarna. Ya rubuta shafi goma sha uku ko makamancin haka ya ajiye, yana mai cewa labarin ya zama mai duhu da sa baƙin ciki kuma bai cancanci a ci gaba da shi ba. An buga wannan guntu a The Peoples of Middle-earth a 1996, kuma nan ne iyakar abin da marubucin ya bari game da zuriyar Thingol.